Goge shafi gaba ɗaya ba shine abun tsoro ba

Na lura yawancin masu ajiye rubutu a waya, ko a Google Keep ne ko Samsung Notes ko Notes ɗin iPhone ko OneNote, tsoronsu ɗaya ne, kar hannu ya kuɓuce ya taɓa alamar kwandon shara shafi ya tafi gaba ɗaya. To gaskiya wannan ita ce mafi sauƙin matsala a duk cikinsu, don kusan babu manhajar rubutu ta kirki da zata hallaka maka shafi nan take, kwando take jefa shi ya zauna can yana jiranka na wasu kwanaki. Asarar da take sa mutum ya dafe kai ita ce wadda take faruwa a cikin shafin. Shafin yana nan da sunanshi da launinshi, ka buɗe ka tarar rabin rubutun babu, ko ma duka babu sai harafi ɗaya tal.

Kuma yadda abun yake faruwa ba wuya ko kaɗan. Kana so ka kwafi layi ɗaya ka tura ma wani, ka danne yatsa a kan kalma, ɗan akwatin nan ya fito, maimakon ka ja ka zaɓi layin sai yatsa ya sauka a kan zaɓi duka, rubutun gaba ɗaya ya yi shuɗi, ga kibod a buɗe a ƙasa, gefen babban yatsanka ya shafi harafi ɗaya, shikenan harafin nan ya maye gurbin komai. Manhajar ba zata tambaye ka ko ka tabbata ba, don a wajenta ba gogewa kayi ba gyara kayi, kuma aikinta ne ta adana gyara da kanta ba sai ka danna komai ba. Kafin ka gama salati ta tura sabon shafin mai harafi ɗaya zuwa sabar kamfanin, wato kwamfutarsu da ke ajiye rubutunka a intanet, daga can kuma ya sauka a kwamfutarka da duk wata na'ura da ka shiga da asusun. Ka ruga kwandon shara ka duba, wayam, ai shafin ba'a goge shi ba.

A daidai wannan lokacin abu ɗaya ne a hannunka, shine maɓallin janye abun da kayi na ƙarshe. A kwamfuta Ctrl da Z ne, a Mac kuma Command da Z. In ka janye ya wuce inda kake so sai ka dawo gaba da Ctrl da Y, wasu manhajojin kuma Ctrl da Shift da Z suke karɓa. A waya ne ake shan wahala saboda ba kibod ɗin kwamfuta, kowace manhaja da inda ta ɓoye nata. Google Keep yana da wasu 'yan kibiyoyi guda biyu masu lanƙwasa da suke fitowa lokacin da kake cikin rubutu, ta hagu ita ce mai janyewa. A iPhone kuwa akwai hanyar da mutane da yawa suke riƙe da wayar shekara da shekaru basu san da ita ba, girgiza wayar kawai zakayi sai akwati ya fito yana tambaya ko a janye rubutun, kuma tun daga iOS 13 da ya fito a 2019 zaka iya sa yatsu uku a kan sikirin ka ja su hagu ya janye, ka ja dama ya maido. Wasu sukan kashe girgizar nan a saitin saboda tana damunsu in suna tafiya da waya a hannu, to in kana cikinsu ka riƙe ta yatsu ukun.

Dabarar ba sabuwa bace. Manhajar rubutu mai suna Bravo da aka ƙera a cibiyar binciken Xerox PARC a Amurka tana da ita tun wajen 1974, daga baya Apple suka ɗora ta a kan harafin Z kusa da X da C da V a kwamfutocinsu na Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, shi yasa har yau hannun hagu kaɗai ya isa yin duka huɗun. Amma a farko taki ɗaya kawai take iya komawa baya, in ka sake dannawa sai ta maido maka da kuskuren. Notepad ɗin Windows ma haka ya zauna shekaru masu yawa sai a Windows 11 aka bashi komawa baya taki da yawa.

Abun da nake so kowa ya gane game da wannan maɓallin shine ba'a ajiye tarihinshi a cikin shafin. Duk abun da kayi, ka rubuta kalma, ka goge layi, ka manna wani abu, manhajar tana jera su ne kamar farantai ɗaya a kan ɗaya, na ƙarshe da ka ɗora shi zaka fara saukewa. Kuma wannan jerin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta wayar, RAM kenan, ba a ma'ajiyar da ake adana fayil ba. Ka rufe shafin, a yawancin manhajoji jerin ya rushe. Ka sake buɗewa kibiyar ta dushe ba ta dannuwa. Har ma ba sai ka rufe da hannunka ba, Android yana da ɗabi'ar kashe manhajar da aka bari a baya in yana buƙatar wuri, musamman a waya mai ƙaramin RAM, don haka mutumin da rubutunshi ya ɓace ya fita da sauri ya shiga burauza yana neman yadda ake dawo da rubutu, ko ya shiga WhatsApp yana tambayar abokinshi, yana iya dawowa ya tarar manhajar ta tashi sabuwa fil, damar da yake da ita ta tafi a wajen neman taimakon. In zaka tambayi wani ka ari wata wayar, taka ka barta a buɗe a inda take.

Sannan kar ka ce bari ka fara sake rubuta abun da ka tuna kafin ya gudu daga kanka, aƙalla ba a cikin shafin ba. Kowane harafi da ka ƙara wani sabon taki ne da sai ka janye shi kafin ka kai ga wanda kake nema. Wani abun kuma, in ka janye taki biyar sannan ka rubuta ko da ɗigo ne, hanyar dawowa gaba ta yanke, waɗancan biyar ɗin ba zasu sake dawowa ba. Don haka a hankali ake yi, danna ɗaya ka duba, danna ɗaya ka duba, da rubutun ya bayyana ka zaɓe shi ka kwafe ka manna a sabon shafi kafin ka ci gaba da komai.

Wani lokacin ma yankewa mutum yayi ba gogewa ba, wato rubutun yana kan allon kwafi yana jira. Gwada mannawa a sabon shafi bai ci maka komai ba. Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, yana riƙe abun da ka kwafa na awa ɗaya in ka kunna allon kwafinshi, Windows kuma in ka danna maɓallin Windows da V zai nuna maka abubuwa har 25 na baya, amma shima sai in da ma a kunne yake.

To in an riga an rufe fa? Anan ne ake gane bambancin manhaja da manhaja, kuma a ganina wannan ne ya kamata mutum ya fara dubawa kafin ya zuba rayuwarshi a cikin wata manhaja, ba kyan launi ko yawan sitika ba. Tambayar ita ce tana ajiye tsoffin kwafin shafi ko bata ajiyewa. OneNote yana ajiyewa, in ka buɗe shi a kwamfuta ka shiga History zaka ga Page Versions, jerin kwanan wata ne, ka danna wanda kake so ka ga shafin yadda yake a ranar ka maido shi. Notion ma yana da tarihin shafi, sai dai tsawonshi ya danganta da tsarin da kake kai, na kyauta kwana 7 ne, Plus kwana 30, Business kwana 90. Obsidian yana da wani abu da ake kira File recovery da yake ɗaukar kwafin rubutunka duk minti 5 ya riƙe na kwana 7 in baka canza saitin ba, amma fa a kan na'urar da kayi rubutun kawai yake ajiyewa, in a waya ka rubuta kar ka je kwamfuta nema. Joplin yana riƙe tarihi har kwana 90. Google Keep ya daɗe babu wannan, tun fitowarshi a 2013 sai wajen 2023 suka saka, kuma yadda suka saka shi sai wanda ya sani, sai ka buɗe Keep a burauza, ka danna ɗigo ukun da ke ƙasan shafin, ka zaɓi Version history, sannan ba maido maka da shafin zaiyi ba, fayil ɗin rubutu zalla zai baka ka sauke ka kwafe da hannunka, hotuna basa ciki. Duk da haka wallahi ya fi babu nesa ba kusa ba. Notes ɗin Apple kuwa bashi da tarihin shafi irin wannan, kuma abun yana damuna sosai don shine manhajar da mai iPhone yake fara buɗewa ba tare da tunanin komai ba, a ciki ake rubuta darasi da lissafin kasuwanci da dogayen wasiƙu.

In manhajarka bata da tarihi, akwai wata dabara guda da take aiki wani lokacin, kuma da idona na ga ta yi aiki. Ƙanwata ce ta shigo min da waya a hannu ido ya yi ja, "Yaya dan Allah duba min, bayanan darasin nan duka sun tafi, wallahi ban goge ba." Na karɓa na duba, shafin yana nan, ciki babu komai sai harafi biyu, kibiyar janyewa ta dushe don ta rufe ta buɗe ta rufe ta buɗe tana fatan zai dawo da kanshi. Na tambaye ta ko akwai wata na'urar da take buɗe wannan asusun a kai, ta ce tsohuwar wayarta tana cikin durowa a kashe. Har ta miƙa hannu zata kunna na ce tsaya tukuna, in ta tashi ta kama intanet ɗin gidan zata ɗauko sabon shafin ta shafe tsohon. Sai muka fara cire wayafai ɗin daga wuta, muka tabbatar babu layi a cikin wayar, sannan muka kunna, tana tashi muka sa ta a yanayin jirgin sama, muka buɗe manhajar. Rubutun yana nan yadda ta bar shi ranar da ta daina amfani da wayar. Na ƙarshe-ƙarshen da ta ƙara a sabuwar wayar babu, amma mafi yawanshi ya tsira. Muka kwafe shi muka manna a wata manhaja daban a cikin wayar, muka ɗauki hoton sikirin ɗin ma don ƙarin tabbaci, sai da muka gama duk wannan muka mayar da intanet.

Dabarar tana aiki ne saboda haɗin da ke tsakanin na'urorinka baya bambance gyaran kirki da ɓarna, duk abun da ya zo ƙarshe shi yake rarrabawa kowa. Mutane da yawa sun ɗauka tunda rubutunsu yana kan intanet to yana da ajiyar kariya kenan, alhali abun da hakan yake kare ka daga shi shine ɓatan waya ko lalacewarta, ba kuskuren yatsa ba. Masu iPhone su ƙara lura da wannan, ajiyar iCloud da wayar take yi da daddare bata haɗawa da rubutun da da ma yake zaune a iCloud, don haka ko ka mayar da wayar kan ajiyar makon jiya, shafin da zai sauko shine na yau mai harafi ɗaya. Rubutun da ke cikin foldar On My iPhone ne yake shiga ajiyar, kuma shima dawo da shi yana nufin mayar da wayar gaba ɗaya baya, ba shafi ɗaya ba.

Shi kuwa kwandon shara maganarshi gajeruwa ce, ka san kwana nawa gare ka kawai. Keep kwana 7 ne kacal, shine mafi gajarta a cikin manyan, in ka goge ranar Litinin baka lura ba sai bayan sati biyu to sai haƙuri. Apple kwana 30 a foldar Recently Deleted, Notion kwana 30, OneNote kwana 60. Evernote yana barin abu a kwando har sai kai ka zubar da hannunka. Akwai wani tarko a iPhone, in rubutun a ƙarƙashin asusun Gmail ko Yahoo ka ajiye shi ba iCloud ba, in ka goge ba zaka same shi a Recently Deleted ba, kwandon sharar imel ɗin zaka je ka nema. A Keep kuma in kai ne mai shafin da kuke amfani da shi tare da wasu, ka goge, ya tafi a wajen kowa ba kai kaɗai ba, don haka in shafin haɗaka ya ɓace a fara tambayar mai shi ya leƙa kwandonshi.

Kafin ma a kai ga tashin hankali, sau da yawa shafin bai je ko'ina ba. A Keep jan shafi gefe da yatsa yana tura shi Archive, ya ɓace daga gaba amma yana nan lafiya lau kuma ba'a ƙirga mishi kwanaki. Ko kuma kana da asusun Google biyu a wayar, manhajar ta koma kan ɗayan, ka buɗe ka ga fili. Ka rubuta wata kalma da ka tabbata tana cikin rubutun a wajen bincike, ka taɓa hotonka a sama ka duba wane asusu ne a buɗe, ka shiga ta burauza ka ga ko can yana nan.

Abun da nake roƙon mutane kar suyi shine cire manhajar su sake saukewa, ko shiga saitin su share bayananta wai don ta farfaɗo. In rubutun a cikin wayar kawai yake, ko akwai wanda bai riga ya hau intanet ba, wannan shine ƙarshenshi, har kwandon sharar ma yana tafiya tare. Haka manhajojin nan da suke cika alƙawarin zasu tono maka duk abun da ka goge. A Android kowace manhaja tana da ɗakinta a kulle, wata manhajar bata da ikon leƙa ciki, kuma rubutunka ba fayil-fayil yake a warwatse ba, yawanci a cikin rumbun bayanai guda ɗaya yake a cikin wancan ɗakin. Ga shi wayoyin yanzu tun daga kamfani bayanan da ke cikinsu a ɓoye suke yadda ba'a iya karanta su kai tsaye, ma'ajiyarsu kuma tana share gurbin abun da aka goge da kanta don ta shirya karɓar sabo, ba kamar tsohon faifan kwamfuta mai juyawa ba da ake iya tono abu bayan watanni. Abun da irin waɗannan manhajoji suka fi samowa shine ƙananan kwafin hotuna, a madadin haka ka basu izinin shiga duk fayilolinka. Wanda kuma ya ce ka turo mishi imel da kalmar sirrinka zai dawo maka da rubutu, wannan kam kar ka ko amsa mishi, rubutun da kake nema ba zai dawo ba kuma asusun ma ya fita daga hannunka.

Ni yanzu na raba abun gida biyu. Ƙananan abubuwa, lambar da zan kira, abun da zan tuna gobe, suna manhaja mai sauƙi ko da bata da tarihi. Duk rubutun da zai kai ni yin baƙin ciki in ya ɓace, yana inda ake ajiye tsoffin kwafi, ko da Google Docs ne, shima yana da tarihin gyara kuma zaka iya sa ma wani kwafi suna don ka gane shi daga baya. In zan yi ma dogon shafi gyara mai yawa, ko zan kwafi wani yanki daga ciki a waya, sai na fara yin kwafin shafin gaba ɗaya, Keep yana da Make a copy a cikin ɗigo ukun nan, Notes ɗin Apple ma a Mac yana bari ka yi kwafin shafi, in sa kwanan wata a sunan kwafin in tura shi Archive. Lokaci-lokaci kuma ina fitar da komai waje, Google Takeout yana baka duk rubutunka na Keep a dunƙule, kowane shafi da fayil ɗinshi da zaka iya buɗewa a burauza ko babu intanet, in ajiye a kwamfuta inda babu wani haɗi da zai bi ya canza shi.

Kuma zan so kowa ya gwada tashi manhajar yau da shafin banza, ba sai ranar da abu ya faru ba. Buɗe sabon shafi ka rubuta layi uku, ka goge na tsakiya, ka nemo inda kibiyar janyewa take ka danna. Sake gogewa, wannan karon ka fita daga shafin ka dawo ka ga ko kibiyar tana da rai. In ta mutu, nemi tarihin shafi a waya, in babu ka duba ta burauza. Sannan ka goge shafin gaba ɗaya ka bi shi kwando, yawanci a sama zaka ga an rubuta kwana nawa zai zauna kafin a zubar. Shafukan da ka kulle da kalmar sirri kuma su ka gwada buɗe su tun kana tuna ta, don a Notes ɗin Apple in ka manta kalmar da ka kulle shafi da ita kamfanin ma ba zai iya buɗe maka ba, in ka sake sabuwa kuma sababbin shafuka kawai zata yi ma aiki, tsoffin suna nan a kulle da waccan ta farko.